Ɗakin Da Na Gina Ban Tambaye Ki Ba

Argungu, Talata da hantsi

Zuwa ga Ummu Hani,

Sanyin idona, farin watan zuciyata, furen badon da ke buɗewa da safe a tsakiyar tafki har mai jirgi ya manta da sandar tuƙinsa ya tsaya kallo! Ke da muryarki ta fi mini ruwan randa daɗi ranar da na wuni ina dashe cikin rana. Ke da tafiyarki ke tuna mini shinkafar Zauro idan iska ta bi ta kanta, tana rausaya ba ta karyewa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san bai cancanci a amsa mishi ba. Ina gaida Baba da Inna, ina gaida ƙannenki, ina gaida har dakalin ƙofar gidanku wanda ya san nauyina ya kuma san daɗewata.

Hannuna bai iya rubutu irin naki ba. Bokona a firamare ya tsaya, sauran karatuna na allo ne da na fadama. In kin ga harafi ya karkace kada ki ɗauko jan bironki, don kuskuren da ya fi waɗannan girma shi ya zaunar da ni a gaban takarda. Na kira wayarki tana shiga ba a ɗauka, kuma ban ga laifinki ba. Da ni ne ke, da ni ma ban ɗauka ba. Shi ya sa na roƙi Yaya Riskuwa, tunda aure ya kai ta unguwarku a Birnin Kebbi, ta kawo miki wagga takarda hannu da hannu. Da na roƙe ta sai ta harare ni ta ce, "A'a, sarkin shiru, yau ka tuna Allah ya yi maka baki? Rubuta in kai, amma in ta yaga ta gabana ni zan taya ta share guntayen."

Ummu, kin tuna yammacin nan na tsakiyar rani, da na kawo albasa kasuwar Birni na gama da wuri, na zo na tsaya bakin tagar ajinki? Ajin manyan nan da kuka kafa ke da Malama Dinatu, inda teloli da 'yan kasuwa da masu keke ke zuwa koyon Turanci bayan la'asar. Ban shiga ba, ƙurar buhu ta yi mini yawa a jiki. Na jingina da bango ina leƙen ki. Kin sa shuɗin mayafi, alli ya ɓata miki gefen hannu, rana ta faɗo ta tagar yamma ta kwanta a kumatunki kamar ita ma ta biya kuɗin makaranta. Wayyo, da kin ga kanki! Kamar balbela guda tsaye a tsakiyar korayen fangalin shinkafa, duk wanda ya ɗaga kai ita zai fara gani.

Kin juya kin rubuta kalmomi biyu a allo: talk over. Har yau haruffan suna nan a idona, shi ya sa na iya kwafo su. Kin ce Bature yana da kalmomi da yawa na magana, amma wannan daban take. Ita ake faɗa idan mutum biyu ko fiye suka ɗauko wani al'amari suka zauna a kansa, suka juya shi gaba da baya, kowa ya faɗi abin da ke ransa, tukuna a yanke abin da za a yi. Kin ce mutum ba ya yin ta shi kaɗai, dole da wani. Kin ce kafin a yanke ake yin ta. Wata tela ta ce, "Malama, ai shawara ke nan." Kin ce kusa ne, amma sau da yawa mai neman shawara ji yake ya tashi ya tafi ya yi abin da ya ga dama, wannan kuwa duk mutum biyun ne masu abin. Sai kika ƙara 'yar kalma a tsakiya, kika rubuta let us talk it over, kika ce ma'anarta mu zauna mu tattauna shi. Kin ce su duba yadda al'amarin ya zauna a tsakiya, kamar ƙwaryar fura tsakanin mutum biyu, kowa hannunsa na kaiwa.

Sai dattijon nan mai keke, mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ni da na sai da akuyar gida na gaya ma uwar ɗiyana, na yi wanga abu naku ko?" Kika ce, "Baba, kafin ka kai ta kasuwa ka gaya mata, ko bayan?" Ya ce, "Bayan mana, da igiyar a hannuna na shigo gida." Kika ce, "To Baba, wannan sanarwa ce, irin ta rediyo." Aji ya fashe da dariya. Matan suka riƙa tafa hannu suna cewa ya maimaita.

Ummu Hani, wa ya fi kowa dariya ranar? Ni! Ni da ke waje, har sai da kika juyo kika gan ni kika ɗan murtuke fuska don kada 'yan aji su gane. Na yi wa dattijo dariya har da riƙe ciki, alhali a daidai wannan lokaci tubalin ɗakinki yana shanye a bayan gidanmu a Argungu yana shan rana, ke kuma ba ki sani ba. Duk lokacin da na tuna wagga dariya sai in ji fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tukunyar da ke tafasa. Shi akuya ya sayar. Ni fa?

Ba ma nan abin ya tsaya ba. Da aka tashi na rako ki, muna tafiya gefen titi ina riƙe da jakar littattafanki, kika ce, "Ja'afar, ka ji darasin yau? To mu ma akwai abin da nake so mu zauna a kansa. Maganar inda za mu zauna, da ajin nan." Kin faɗa da murmushi, amma na ga yatsunki na murza bakin mayafi, kuma na san ba kya yin haka sai abu na damun ki. Na gani, wallahi na gani. Sai na ce miki, "Akwai lokaci, Malama, komai a hankali." Kika kalle ni, kika ce to. Wagga "to" taki ta yarda ce, irin wadda ake ba mutumin da aka san ba ya gaggawa. Kin ɗauka haƙurina ne ya yi magana. Ni ma haka na gaya wa kaina.

Bari in gaya miki yadda na ruɗi kaina, ko ba zai wanke ni ba. Ni mutum ne da Allah ya ba ido. Ina kallon lawashin albasa in san ƙishirwa take ji ko ruwa ne ya yi mata yawa. Ina kallon launin gulbi in san an yi ruwa can sama tun labari bai iso ba. Albasa ba ta magana, shinkafa ba ta magana, kuma ban taɓa tambayar su ba, dubawa nake in yi musu abin da ya dace su kuma su yi kyau. Da haka na girma. Sai na ɗauki wanga ido na ɗora a kanki, zinariyata, na ce ai ke ma na san ki.

Na lura da safe kike duba littattafan ɗalibai, kuma kullum kina jan tabarma zuwa inda haske yake, sai na sa magini ya buɗe taga babba ta gabas. Na lura hayaƙi na sa ki tari, sai na kai madafa can kusurwar da iska ke kwashe shi waje. Na ji kin taɓa cewa gara ta ci miki wani littafi don a buhu kike ajiye su a ƙasa, sai na sa aka fitar da kantar littattafai a cikin bango, doguwa, sama da inda damshi ke kaiwa. Na lura kina sunkuyawa a ƙofar zaurenku don tsawonki, sai na ce a ɗaga ƙofa. Magini har ya gaji da ni, ya ce, "Ja'afaru, amarya za ka kawo ko raƙumi?" Na kira gayya, samarin unguwarmu suka fito suka kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu, suna yi mini waƙar angon Malama, suna cewa nan gaba ba za a gaishe ni ba sai da Turanci. Ina jin daɗi, ina ta hango ranar da za ki shigo ki ɗaga mayafi ki ga tagar, ki ga kantar, ki juyo ki kalle ni. Don wanga kallo guda na ɓoye miki komai.

Haka na faɗa wa kaina. Amma tunda na zauna rubuta gaskiya, bari in tono ta har ƙasa. Tsoro ne, Ummu. Na san in na tambaye ki za ki ce ajin fa? Za ki ce daga Argungu mace ba za ta riƙa shiga mota kullum ta koyar har gab da magariba ta dawo ba. Kuma ba ni da amsa. Sai na ce bari in ɗaga bango tukuna, in bango ya tashi wa zai ce a rushe? Na duba inda haske ke shigo miki, na duba inda hayaƙi zai bi, na duba tsawon ƙofa, amma garin da za ki rayu a cikinsa ban tambaye ki ba. Wane irin so ne wannan, mai auna taga ya tsallake mutum?

Sai kuma ranar da muka zo gaisuwa ni da ƙanen babana. Kin san yadda ake yi. Ina tsugune bakin tabarma, kaina ƙasa, manya na magana. Baffanki Yari, wanda shi zai ba da aurenki, ya gyara zama ya ce, "Mun ji an tada gini a Argungu, madalla. To ita ɗiyar tamu ta san can za ta zauna? Aikin nata fa, sun yi magana?" Tambayar ni aka yi wa. Na ji ta ta sauka a bayan wuyana. Da na ɗago na ce, "Baffa, ba mu yi ba tukuna," da yau ba na wanga rubutu. Amma na ƙara sunkuyar da kai na yi shiru, irin shirun da aka san mai neman aure da shi gaban surukai. Ƙanen babana ya yi dariya ya ce, "Kun ga kunya ko? Ai yaran yanzu sun gama komai tsakaninsu, mu shaida kawai muke." Kowa ya yi dariya, aka shafa fatiha. Babanki ya ce in haka ne shi ba ya da ta cewa, tunda ke kika yarda.

Ke kika yarda! Sun ɗora miki yardar da ba ki bayar ba, a gabana, ina ji, kuma na bar su. An yaba mini da tarbiyya a hanyar komawa gida. Na ɓuya a bayan kunyar surukai kamar yadda kifi ke ɓuya cikin ciyawar burgu idan masunta sun shigo ruwa, na yi ƙarya ban buɗe baki ba.

Sauran kin fi ni sani, amma bari ki ji yadda ya iso mini. 'Yan'uwana mata suka aika gidanku cewa bango ya kai, a zo awon ɗaki don kafinta ya san girman gado. Gwaggonninki suka zo da igiyarsu, suka auna tsawo da faɗi, suka ɗaura ƙulli, suka yaba tagar, ɗaya ta rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu. Ni ina laɓe bayan rumbu ina murna. Yaya Riskuwa tana gidanku lokacin da suka koma. Ta ce kina zaune kina duba littattafai suka shigo da hayaniya, babbar gwaggonki ta ce, "Ke 'yar nan kin yi dace, ɗakinki har da wurin jera littattafai, sai dai ki yi ta karanta wa kaji, tunda kin aje aiki." Ta ce kin ɗago kin ce, "Wane ɗaki?" Ta ce biron da ke hannunki ya faɗi ba ki duba shi ba.

Wane ɗaki! Ummu, hasken raina, da mari kika aiko mini da shi da ya fi mini sauƙi. Na sa kin tsaya gaban iyayenki mata kamar baƙuwa a cikin maganar aurenki. Na sa Baba ya dube ki yana tunanin ko dai ke ce kika yarda a waje kika musa a gida. Ke da kike tsayawa gaban dattawa masu furfura kina koya musu yadda ake zama a kan magana, aka yanke taki a bayan idonki, kuma wanda ya yanke shi ne mai ɗaukar miki jaka. Da yamma kika kira ni sau ɗaya. Ba ki ɗaga murya ba. Kin ce, "Ja'afar, ka tambaye ni?" Kika jira, kin daɗe kina jira, sannan kika kashe wayar. Washegari saƙo ya zo cewa kin roƙi Baba a dakatar da sa rana.

Tun daga nan fadama ta zama mini wani wuri. Ina tada injin ban-ruwa in manta da shi har fangali ya cika ya ɓalle. Kiran tsuntsayen kirinjijiya da ke sa ni nishaɗi da asuba yanzu ji nake kamar tambayarki suke maimaitawa. In na zauna bakin gulbi ruwa na wucewa ya nufi wajenku, sai in ce da ma ni ne shi, in bi ta Zauro in iso, ko ba a buɗe mini ƙofa ba in wuce ta kusa. Abinci ba ya shiga. Innata ta zuba mini tuwo ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, ta ce, "Kai ka ɓata, kuma kai ke yaji?"

Kuma ki ji wani abin kunyar, don na rantse ba zan rage komai ba. Makon da ya wuce na ce na gane gyara. Na shiga mota na zo Birni ban gaya wa kowa ba, na nemi dillalin gidaje na ce ya nuna mini ɗakin haya kusa da makarantarku. Ya kai ni wani ciki da falo mai famfo a tsakar gida. Yana ta zuba, "Ango, wanga wuri amarya na gani za ta manta da gidansu, kawo hannu mu tafa kafin wani ya riga ka." Ni kuwa na shiga ina duba ta ina rana ke fitowa, ina taɓa bango ko da damshi, ina auna ƙofa da kafaɗata. Har na ɗaga hannu. Sai na ga kaina, tsaye cikin ɗaki na biyu, ina duba miki taga, ke kuma ba ki san ina garin ba. Subhanallahi! Ashe ciwon bai fita ba, gari kawai na sauya mishi. Na sauke hannuna na ce ya yi haƙuri sai na yi magana da mai ɗakin. Ya bi ni da kallo ya ce, "To kai mi kake, ɗan rakiya?" Na ce e, yau dai ɗan rakiya ne.

Daga nan ban koma tasha ba, gidan Baffa Yari na nufa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran carbi. Na tsuguna, wannan karon na ɗaga kaina, na ce, "Baffa, ranar da ka tambaye ni, ba mu yi magana da ita ba. Ba ta san da ginin ba. Ba ta taɓa cewa za ta bar aiki ba. Laifin duk nawa ne." Sannan ya ce, "Ashe shirun naka na ɓarawo ne, mu muka ɗauka na suruki." Na ce haka ne. Ya ce zai gaya wa Baba da kansa, don a sauke miki zargi. Ya ce shi kuma ba zai sake sa baki a sa rana ba sai ya ji daga bakinki, ke da kanki, ba ɗan aike. In kin ce a ci gaba, a ci gaba. In kin ce a'a, za a maido mana kayan gaisuwarmu ba tare da rigima ba. Na ce ya yi adalci.

To ga ni, Ummu Hani, tauraruwar da nake duba alƙibla da ita. Abin da ya kamata in ajiye gabanki tun ranar da kika nema, bari in ajiye shi yau, kuma ban yanke komai a kansa ba. Babana gwiwa ta kama shi, ba ya iya shiga laka, ni ne hannunsa a gona. Albasa kuwa in an dasa ta kullum tana son mai ita. Wannan ke riƙe ni a Argungu. Sannan akwai wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina tsoron Birni. Ina tsoron in zama mijin Malama wanda ba ya da gona ba ya da sana'a a garin, ana gaishe ki da Turanci ni ina murmushi ban san me aka ce ba. A fadama ni wani ne. A bakin tagar ajinki ni mai ƙurar buhu ne. Na ji kunyar faɗa miki wannan, shi ne na je na yi abin da ya fi shi kunya.

Wannan nawa ke nan. Naki fa? Shi ne ban sani ba, ni da nake taƙama na san ki. Me ajin nan yake a wurinki, da kuka fara shi da benci aro har ya cika? In kin bar shi, wa zai tsaya da Malama Dinatu? Akwai abin da kike tsoro a gidanmu, a zama da dangina, a nisa da Inna? Kina ganin mutum zai iya kwana Birni ya yi sammako fadama lokacin rani? Kina ganin a raba shekara, ko a raba mako, ko akwai wata hanyar da idona bai kai ba? Wataƙila tun tuni kina da dabara a ranki, kin zo da ita ranar nan gefen titi, ni na rufe miki baki da "akwai lokaci". Ina son in ji. Ina son in zauna in yi shiru irin na mai sauraro, ki faɗa har ki gama, ni ma in faɗa, mu yi musu in ta kama, ki yi fushi in ta kama, kada dai a tashi sai mun kai ƙarshe tare. In zama ɗaya bai isa ba a sake wani. Ai an ce ina da haƙuri, bari ya yi amfani sau ɗaya.

Na so in rubuta cewa zan zo ranar Alhamis, har na fara, sai na soke. Za ki ga inda na soke. Ke za ki faɗi rana, ke za ki faɗi wuri, ko zauren Baba, ko gaban Baffa, ko gidan Yaya Riskuwa. In kin ce ba yanzu ba, zan jira.

Abu ɗaya ya rage ki sani. Ɗakin ba a rufe shi ba. Kwanon rufi na nan jingine a zaure, kafinta ya zo na sallame shi. Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso da ƙamshin ruwa, babana ya fito da sandarsa ya tsaya tsakar gida ya ce, "Ja'afaru, ginin ƙasa ne fa. Ruwa biyu masu ƙarfi, ya koma laka. Gumin mutanen unguwa za ka bari ya narke? Da wane ido za ka dube su?" Na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce duk kwanon da na ɗora yanzu cewa nake an gama magana, kuma ba a fara ba. Bai ji daɗi ba, har yanzu gaisuwata kawai yake amsawa. Na san za a yi mini dariya a majalisa, na san waɗanda suka kwaɓa ƙasar za su ce na wulaƙanta ƙafafunsu, kuma zan bi su gida gida in ba su haƙuri. Ban gaya miki wannan don ki yi sauri ba, na roƙe ki kada ki dubi sama ki amsa mini. In ruwa ya riga ki, ya ci bangon. Ƙasa ce, daga bayan gida muka ɗebo ta, can za ta koma. Hannuna na nan, zai sake yin tubali a duk inda muka ce, ni da ke.

Ki yafe mini, Ummu Hani, ko ki ba ni wuri in nemi yafiyar da bakina. Na rantse da Wanda ya kwantar da gulbin Rima a kan hanyarsa, ba wata a zuciyata, ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a yi ba. In kin dawo gare ni, naki ne har a lulluɓe ni. In kin ce a maido kaya, zan karɓa da hannu biyu in yi miki addu'ar alheri, in ci gaba da son ki daga nesa inda ba zai dame ki ba.

Naki, mai jiran kalma ɗaya daga bakinki yau da gobe da duk abin da Allah ya bar mini na kwana,

Ja'afar